Lilon Mijina da Masu Ƙin Sakata

Mijina mai walda ne a Kaura Namoda. Lokacin da aka kawo ni gidansa, aikinsa garmar shanu ne da amalanke da ƙofofin ƙarfe, kuma idan damina ta kusa faɗuwa ba ya samun cin tuwo a natse saboda manoman da ke tsaye a kansa. Daga baya shanun suka ƙare a hannun ɓarayin daji, gonakin nesa suka gagari masu su, wanda ba shi da sa kuwa ba ya zuwa neman garma. Sai shagon ya yi tsit. Garin kuma ya cika da yara, domin mutanen ƙauyuka irin su Kurya Madaro sun yi ta kwararowa da iyalansu, duk zauren da ka leƙa akwai baƙi.

A cikin wannan zaman ne ya fara kallon lilon ƙasashen waje a waya. Irin wanda ke gudu a kan dogo kamar jirgin ƙasa, ya hau sama, ya kife da mutane kai ƙasa ƙafa sama, su yi ta ihu amma ba wanda ya faɗo. Ni ihun kawai nake jiyowa daga madafa. Shi kuwa abin da ya riƙe mutanen yake ƙura wa ido. Sai ya tsayar da hoton ya ƙwala mini kira, hannuna duk ƙullun masa.

"Zo ki gani. Wanga ƙarfe ta kafaɗa yake saukowa ya danne ƙirji. Wancan kuma bisa cinya kawai yake zama. Ga wani har da ɗamara aka haɗa masa."

Na ce, "To ni mi zan yi da shi? Masata na ƙonewa."

Da farko mai gudu a kan dogo ya so ya yi. Na ce masa ranar da ya kife ɗan wani kai ƙasa a garin nan, ranar zan tattara kayana. Sai ya sauko ya yarda da mai juyawa. Ya haɗa wata babbar taya ta ƙarfe a tsaye, tsayinta ya wuce rufin gidanmu, ya rataya mata kujeru masu reto, kowace kujera ta ɗauki mutum biyu. Ƙarti biyu ke murza ta da hannu. Ya zuba yashi mai yawa a ƙarƙashi. Da Ƙaramar Sallah ta zo, aka kafa ta a filin bayan unguwarmu.

Ana gobe Sallah ya zaunar da ni ya ce akwai matsala guda. Shi namiji ne, ba zai kai hannu jikin matar mutane ko budurwa don ya ɗaure ta a kujera ba. Ni zan tsaya in yi wa mata da yara, shi ya yi wa maza. Na amsa da sauri, a zatona yini guda ne na sha kallo in dawo gida. Da na san abin da na ɗauko, da na ce ƙafata ke ciwo.

Ɗaurin farko sarƙa ce mai ƙugiya, ta ratsa gaban kujera daga wannan hannu zuwa wancan. Ba ta kai la'asar ba na gane ba za ta yi ba. Yaro yana zaune lafiya lau a gabana, ya yi mini fuskar salihai, da kujera ta yi sama sai in hango ya zare ƙugiyar yana kaɗa sarƙar wa abokansa. Na yi ihu har muryata ta dushe. Masu murzawa su tsaya, a sauko da shi, in ja masa kunne, na bayansa ya hau ya yi irin ta tasa. Sallar nan Allah ne kawai ya tsare.

Kafin Babbar Sallah mijina ya je wurin masu fasa matattun motoci ya kwaso bel ɗin kujeru, ya wanke, ya ɗaura. Ya zo yana murna wai yanzu irin na Turawa ne. Abin da bai lissafa ba shi ne jan maɓallin da ke jikinsa. Ban taɓa ganin yaron da zai ga jan maɓalli a kan cibiyarsa ya ƙyale shi ba. Manya ma haka. Wata mata ta ce mini ita dannawa kawai ta yi don ta ga ko yana aiki. A sama ta yi wannan gwajin. 'Yan mata kuma suka ce bel yana yamutsa musu leshi, sai su sassauta shi har ya zama kamar igiyar shanya.

Sai ya koma kan wayarsa, ya kwana biyu yana zane a ƙasa da tsinke, ya fito da na uku. Sandar ƙarfe ce da ke saukowa kan cinya, sakatarta kuma tana can bayan kujera inda hannun mai zama ba ya kai. Wanda yake ƙasa kaɗai ke iya zurawa ya zare. Ya naɗe sandar da soso da leda don kada ta ci cinya, ya huda ramuka a jere don a matse wa siriri a sassauta wa mai jiki. Da muka gwada da yaranmu muka ga ƙaramin cikinsu yana iya sulalewa ta ƙarƙashi komai matsi, sai ya ja layi da jan fenti a jikin turken shiga. Duk wanda kansa bai kai layin ba, ba zai hau ba.

Wannan ɗauri ya yi aiki. Daga ranar ne kuma na zama abokiyar gabar rabin garin.

Uwa za ta jawo ɗanta, kansa ko kusa da layin bai je ba, ta ce ai ya girmi wancan da na bari, gajarta ce ta dangin ubansa. In ce mata ƙarfe bai san shekaru ba, tsayi ya sani. Ta ce ni ce ban san mutunci ba. Na ga yaron da aka cusa wa tsumma cikin hula don ya ƙara tsawo. Na ga yarinyar da aka sanya wa takalmin uwarta mai tsini, tana tafiya kamar za ta kife. Samari kuwa cewa suke an mayar da su fursunoni, wai namiji ba a kulle shi ta baya.

Sai maganar mayafi da hijabi. Dogon hijabi idan ya zuba ta gefen kujera, iska na iya kai shi cikin ƙarfen da ke juyawa, kuma a wuya yake. Don haka kowace mace sai na tattare mata shi na cusa ƙarƙashin cinyarta. Nan ma laifi ne. Wata ta buge mini hannu ta ce ko ni zan koya mata sutura. Na ce a'a, wuyanta nake ji. Ta ce wuyanta ne ko nawa?

Wadda ba na mantawa wata ce da ta zauna a bakin kujera, ta ƙi jingina. Na ce ta matsa baya sandar ta sauka. Ta ce haka ta fi jin daɗi. Na ɗan tura kafaɗarta, sai na ji kuka daga cikin hijabi. Jariri ne goye a bayanta, ko zama bai fara ba. Na ce ta sauka. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce majanyinta ya fi wannan ƙarfen namu riƙo, da shi ta gudo daga ƙauyensu a ƙafa, yaron bai ko motsa ba. Ban musa mata ba, na san gaskiya ta faɗa. Na ce ta ba ni shi in riƙe ta hau. Ta ce ba ta ba baƙuwa ɗanta. Ta sauka tana faɗin an ga ba 'yar gari ba ce shi ya sa. Wannan maganar ta yi mini ciwo har na kasa cin abinci, domin da 'yar uwata ce ciki ɗaya ma abin da zan yi ke nan.

Duk wannan ina jurewa, har Sallar da Yaya ya zo filin.

Yaya wan mijina ne, a Shinkafi yake zaune, kabu-kabu yake yi da babur tsakanin Shinkafi da Galadi. Da mahaifinsu ya rasu shi ya riƙe gidan, shi ya kai mijina koyon walda, shi ya tsaya masa a aurenmu. Saboda haka mijina, da furfurarsa da 'ya'yansa, ba ya iya haɗa ido da shi. Mahaifiyarsu, wadda duk muke kira Inna, a gidanmu take, don haka duk Sallah sai ya zo gaishe ta. A wannan karon ya zo da ƙaramar ɗiyarsa, wata 'yar dagwas da aka yi wa kitso da lalle.

Bayan an ci nama ya ce a kai shi ya ga abin da ƙanensa ya ƙera wanda ake ta labari har Shinkafi. Ya zo filin cikin babbar riga fara sol, yarinyar a kafaɗarsa, abokansa na Kaura biyu na biye. Ya zagaya lilon, ya ƙwanƙwasa ƙarfen, ya yaba. Mijina sai murmushi yake kamar yaron da aka ba kyauta. Daga nan Yaya ya wuce layin mutane kai tsaye, ya zauna a kujerar da ta sauko, ya ɗora yarinyar a cinya.

Na matsa na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Yaya, ɗiyar nan ba ta kai layi ba. Ka ba ni ita in riƙe maka."

"Wane layi?"

Na nuna masa jan fentin. Ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Amarya, ke nan har yanzu ba ki san ni ba. Wagga yarinya a kan tankin babur ta yi wayo. Ni da nake ɗaukar mutum huɗu da buhu da akuya, in ratsa dajin Galadi a guje ana harbi a bayana, ban taɓa zubar da kowa ba, shi ne zan kasa riƙe ɗiyata bisa kujera?"

Na ce, "Babur a ƙasa yake tafiya, Yaya."

Ban jira amsarsa ba na ɗauke ta. Allah ya taimake ni ta san ni, ta maƙale a wuyana. Ya ɓata rai kaɗan, sannan ya kaɗa hannu ya ce in riƙe ta ɗin, mata ba su rabo da tsoro. Mijina ya zo ya sauko masa da sandar bisa cinya, ya zagaya baya zai zura sakata. Yaya ya ɗaga sandar da hannu ɗaya.

"Mi za ka yi?"

"Sakata ce, Yaya. Kowa ana sa masa."

"Ni ne kowa? Ni za ka kulle gaban jama'a kamar ragon layya? Kai da na goya?"

Mijina ya tsaya da hannu a kan sakatar. Na ga wuyansa ya sunkuya, na san an gama. Abokan Yaya suna dariya suna cewa a bar maza su sha iska. Mutanen da ke sauran kujeru, waɗanda tuni aka kulle su suna rataye, suka fara ƙorafin a juya mana. Na juya wurin masu murzawa na ce kada wanda ya taɓa. Suka dubi mijina. Bai ɗago ba, amma ya gyaɗa musu kai.

Raina ya ɓaci. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji na ce, "To Yaya, in ka faɗo kada a ce ban faɗa ba."

Da na san yadda za a yi da wannan maganar, da na haɗiye ta.

Zagayen farko lafiya. Na biyu ma lafiya, yana ta ɗaga wa abokansa hannu. A na uku, kujerarsa ta wuce ƙololuwa ta fara gangarowa, sai ya hango wani da ya sani can bakin hanya. Ya ture sandar, ya miƙe tsaye, ya buɗe hannun babbar riga yana kiransa. Kujerun nan reto suke yi, nauyin mai zama ne ke daidaita su. Da ya miƙe, kujerar ta tuntsura gaba ta zubo shi. Na ga farar riga ta cika da iska, sannan na ji tim.

Allah ya sa ya riga ya sauko zuwa kamar tsayin katanga, kuma a kan yashin ya faɗa. Duk da haka hannunsa na dama ya karye, kafaɗar ta goce. Na juya fuskar yarinyar zuwa ƙirjina don kada ta gani. Filin ya rikice, mata na salati, waɗanda ke sama a kulle suna ihun a sauke su. Mijina da abokan suka ɗauke shi sai gidan mai ɗori. Ni aka bari ina zare sakata ɗaya bayan ɗaya da hannu guda, ɗaya hannun riƙe da yarinya.

Na koma gida ina tunanin aƙalla yau kowa ya ga amfanin abin da nake ta faɗa a kai. Ina shiga na tarar labari ya riga ni. Inna na zaune a kan tabarma da carbi, ba ta amsa sallamata da kyau ba. Sai da na ajiye yarinyar sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"An ce ke kika ce zai faɗo."

"Inna, gargaɗi na yi masa."

"Ana yi wa babba irin wanga gargaɗi? Mutum na sama ki kira masa faɗuwa? Baki ba abin wasa ba ne, ɗiyata. Ga shi nan kin kira, ta amsa."

Surukata ce, kuma ɗanta ne kwance. Na shiga ɗaki na zauna bakin gado, ban san ko kuka zan yi ko dariya ba.

Mai ɗori ya ce kada Yaya ya hau mota ko babur sai ƙashi ya kama, ga hanyar Shinkafi ba ta da tabbas. Don haka a zaurenmu ya yi jinya, hannu ɗaure cikin karare. Ni ce mai dama masa fura, ni ce mai farfesun ƙafar saniya don ƙashi ya yi ƙarfi, ni ce mai wanke farar rigar da yashi ya ɓata, ni ce mai rainon ɗiyarsa. Daga tsakar gida kuma ina jin yadda yake ba masu dubiya labari. Ran farko cewa ya yi iska ce ta taso. Da aka kwana biyu sai ya zama kujerar ce ba ta da daidaito, dama ya lura tun da ya zauna. Daga baya sai na ji yana cewa, cikin sassauta murya amma yadda zan ji, wai akwai bakin da idan ya furta abu sai ya faru, shi dai ya yafe. Ko sau ɗaya ban ji ya ambaci cewa ya miƙe tsaye ba. Ko sau ɗaya ban ji ya ambaci sakata ba.

A gari kuwa magana ta zama lilon mai walda na jefar da mutane. Mai unguwa ya aiko a kwance shi tukuna har ƙura ta lafa. Matan da na hana hawa da jarirai suka samu abin faɗa a gidan suna, wai dama sun ga alama shi ya sa ba su hau ba. Matar Yaya ta bugo waya daga Shinkafi, ta gaishe ni a taƙaice, ta ce a ba ta Inna.

Na yi kwanaki ban yi wa mijina maganar ba, abinci kawai nake ajiye masa. Wata rana da hantsi, Yaya ya samu barci, Inna ta shiga maƙwabta, ya same ni ina tankaɗe. Ya tsuguna nesa kaɗan.

"Na san kina fushi."

"Ni? Wace ni da fushi. Ni da bakina ke karya mutane."

"Ki bar wagga magana. Ni na san ba ke ba ce."

"Ka sani, amma ka faɗa wa wa? Ka faɗa wa Inna? Ka faɗa wa masu dubiya? Kana zaune yana cewa kujerarka ce ba daidai ba, aikin hannunka yake ɓatawa, kana gyaɗa kai."

Ya ɗauki wani tsinke yana wasa da shi. Can ya ce, "Yayana ne. In ya ce kada in kulle shi, bakina ba ya iya cewa a'a. Ko gobe ya sake, ban san ko zan iya ba. Gaskiya nake gaya miki."

Wannan gaskiyar ta fi komai ƙona mini rai, don na san haka ne. Na ce to ya ji da kyau. Da ɗiyar na cinyarsa fa? Da ban ɗauke ta ba, yau wane zama muke yi a gidan nan? Ya rufe fuska da tafin hannu. Na ce ni na gama, ya nemi wata ta tsaya masa, ba zan ƙara shan rana da zagi ba sannan a zo a rushe mini aiki da gyaɗa kai ɗaya.

Ya tashi ya fita shago. Da yamma ya dawo da wata gajeriyar sarƙa mai kauri da kwaɗo. Ya ce zai riƙa ɗaure tayar da turke duk lokacin da ake loda mutane, ba za ta juya ba sai an buɗe kwaɗon. Ya miƙo mini makullin.

"Ki rataya a wuyanki. Duk wanda ya matsa mini, ko Yaya ne, sai in ce ba ni ke da makulli ba."

Na dube shi. Wato ya samo dabarar da shi zai ci gaba da zama mutumin kirki, ni kuma in zama muguwar gari da hujja. Na gaya masa haka. Ya ce ai dama an riga an san ni. Na ɗauki makullin, don ban ga wata mafita ba, amma sai da na bar shi tsugune da hannu a miƙe na gama tankaɗena tukuna.

Yaya ya warke ya koma Shinkafi, hannun ya ɗan ƙandare amma yana riƙe kan babur. Da wata Sallar ta zagayo, mijina ya je ya roƙi mai unguwa, ya nuna masa kwaɗon, aka yarda a sake kafawa. Ranar farko mutane suka tsaya nesa suna kallo. Sai da yaranmu suka hau suka sauka sau da yawa sannan aka fara matsowa. Kafin la'asar layi ya dawo kamar da, da 'yan hula mai tsumma da duk sauran.

Washegari sai ga Yaya. Na damƙe makullin ta cikin hijabi. Amma bai nufi kujerun lilo ba. Ya sa aka ɗauko masa benci aka ajiye gindin turken shiga, ya zauna ya harɗe, ya fara ba da umarni. Duk saurayin da ya yi gardamar sakata sai ya daka masa tsawa, ya naɗe hannun riga ya nuna masa inda ƙashi ya karye.

"Kai, zauna a kulle ka! Ka fi ni taurin kai ne? Ni nan da kake gani, ni na sa aka kawo wanga tsari. Na ce wa ƙanena, wanga abu ba a wasa da shi, a sa kwaɗo, a ba mace makulli don su ba su da sassauci."

Samarin kuwa suna jin maganarsa. Abin da na shekara ina faɗa ana zagina, shi sau ɗaya yake faɗa a zauna. Har mata suka fara cewa Allah ya saka wa Yaya, shi ya gyara wurin. Na dubi mijina, ya yi sauri ya sunkuya yana duba wata ƙusa da ba abin da ya same ta.

A ranar ne wani mutum ya zo daga Zurmi, ya ce yana son a ƙera masa irin wannan lilon ya kai garinsu, amma a cire masa sakatar baya, tana ɓata lokaci, layi ba ya sauri. Kafin mijina ya buɗe baki Yaya ya karɓe zancen. Ya zaunar da baƙon a bencinsa, ya yi masa bayanin sarƙa da bel da sanda ɗaya bayan ɗaya, da dalilin da ya sa kowanne ya gaza ko ya yi, kamar shi ya kwana yana zane a ƙasa. Baƙon ya yi ta gyaɗa kai, ya amince a sa sakatar, ya yi wa Yaya godiya har da riƙe hannu biyu. Da zai tafi ya tambaya ko wace ce waccan matar mai ɗaure fuska da ke tsaye wurin kwaɗo. Yaya ya ce matar ƙanensa ce, tana da ƙoƙari, sai dai a yi hankali da bakinta.

Na kulle tayar da rana ta yi sanyi, na dawo gida ƙafafuna sun kumbura, muryata ba ta fita. Na zuba ruwan ɗumi a roba na tsoma su. Ko zama ban gama yi ba Inna ta leƙo ta ce Yaya zai kwana, kuma ya ce tuwon dawa yake sha'awa da miyar kuka, kada a cika yaji. Na zare ƙafafuna daga ruwan na je na hura wuta.